Latin ko Helenanci: da wanne ya kamata katikis ya fara?

Ƙaramin Katikis ya rubuta:

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Iyayena da yayyena, shawara nake nema. Ni katikis ne a wata ƙaramar Ikilisiya ta ƙauye, kuma ni nake koya wa mawaƙanmu Gloria da Credo da Sanctus na Latin da muke rerawa a manyan ranaku. Maganar gaskiya, hadda kawai muka yi. In aka ce in ɗauki layi ɗaya in faɗi ma'anar kowace kalma, sai dai in sosa ƙeya. Ga kuma ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba, inda matasa kan tambaye ni abin da asalin Helenanci ya ce a aya kaza.

Abin da nake da shi shi ne awa ɗaya bayan addu'ar safe, da waya, da Turanci daidai gwargwado. To da wanne zan fara? Ana iya haɗa biyun? Wane littafi zan nema, kuma wata nawa mutum kan yi kafin ya iya buɗe Bishara ya karanta da kansa? Sannan wane furuci ne daidai, don na ji wasu suna cewa "kelum", wasu "celum".

Malam Mai Nahawu ya amsa:

Malam Katikis, sannu da ƙoƙari. Kada ka haɗa su, taura biyu ba ta taunuwa. Harsunan biyu suna da fasali iri ɗaya amma ɗafa-ƙeyarsu dabam, kuma wanda ya ɗauke su tare yakan wayi gari a wata na uku yana liƙa wa kalmar Latin wutsiyar Helenanci. Ka fara da Latin, saboda rabin littafin karatunka yana cikin kanka tun tuni. Wanda ya haddace Gloria da Credo da Pater noster ya riga ya mallaki ɗaruruwan kalmomi a cikin jimloli na gaske, saura a nuna masa abin da ke riƙe su.

Abin da ke riƙe su kuwa ƙeyar kalma ce. A Hausa matsayin kalma a jimla shi ke nuna wa ya yi, wa aka yi wa: "Audu ya ga Bala" ba ɗaya ba ne da "Bala ya ga Audu". A Latin kana iya jujjuya kalmomin yadda ka ga dama, ƙarshen kowacce shi zai gaya maka aikinta. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai karatun nahawun Larabci ya ji ana maganar i'irabi, to shi ne nan, sai dai siga shida ce ba uku ba. Ɗauki kalmar Ubangiji, za ka same ta da dukkan sigoginta a Misa. *Dominus vobiscum*: Ubangiji ne aikau. *Domine, non sum dignus*: kiransa ake yi, ya Ubangiji. *Verbum Domini*: mallaka, Maganar Ubangiji. *Gratias agamus Domino*: ga Ubangiji. *Per Christum Dominum nostrum*: sigar karɓau, wadda *per* ke ja. *Gaudete in Domino*: cikin Ubangiji. Rubuta waɗannan shida a takarda ka liƙa a bango, sun fi jadawalin kowane littafi zama a kai.

Sunaye gida biyar ne. Ƙarfinka ka zuba shi a ukun farko, don na huɗu da na biyar 'yan kaɗan ne a cikinsu, irin su *spiritus*, *manus*, *dies*, *fides*. Gida na uku shi ke kayar da mutane, kuma dalili ɗaya ne: sun haddace kalma da siga ɗaya tak. Wanda ya riƙe *caro* kawai ba zai gane *carnis* ba in ya gamu da ita a *carnis resurrectionem*. Don haka kowane suna ka haddace shi da abu uku, sigar aikau, sigar mallaka, da jinsi: *corpus, corporis*, *rex, regis*, *nomen, nominis*. Jinsin ma uku ne, akwai na ukun da ba namiji ba mace, kuma jam'insa yana ƙarewa da -a, sai ya yi kama da tilon mace. *Peccata* a cikin Agnus Dei zunubai ne, jam'i, ba zunubi ɗaya ba.

Aikatau kuma da sassa huɗu ake haddace shi. *Tollo, tollere, sustuli, sublatum*. In ba ka riƙe na uku ba, ba abin da zai nuna maka cewa *sustulit* ɗan gidan *tollis* ne. Wurare uku ne mai koyo kan yi tuntuɓe. Na farko wasali ɗaya da ke mai da labari ya zama roƙo: *oramus* muna addu'a, *oremus* bari mu yi addu'a. Haka *adveniat* da *fiat* a Pater noster, roƙo ne, ya zo, a yi. Na biyu aikatau masu shigar wanda aka yi wa aiki alhali su ne masu yi, kamar *confiteor*, ina furtawa, da *miserere*, wanda umarni ne, ji tausayi. Na uku kalmar *in*: da sigar karɓau tana nufin tafiya zuwa ciki, *ascendit in caelum*, ya hau zuwa sama, da sigar da muka gani a *in Domino* kuwa zama ne a ciki, *qui es in caelis*, wanda kake cikin sammai.

Littafi: nemi *A Primer of Ecclesiastical Latin* na John Collins, wanda ya fito a 1985. Darasi 35 ne, misalansa daga Misa da Vulgata, wato Littafi Mai Tsarki na Latin, suke, kuma akwai littafin amsoshinsa dabam, wanda ba makawa ne ga mai karatu ba malami. Awarka ɗaya ka raba ta haka: minti 10 tilawar jadawalin jiya da murya, ba a zuci ba, minti 25 sabon darasi da atisaye a rubuce, minti 10 kalmomi, kada su wuce goma sababbi a rana, ka kuma waiwaye su washegari, da bayan kwana uku, da bayan mako, minti 15 na ƙarshe ka ɗauki layi biyu na Gloria ko Credo ka warware kowace kalma. Darasi ɗaya a mako zai kai ka ƙarshe a kimanin wata takwas, amma da damina da Makon Tsarki da rasuwa a gari, ka sa shekara a ranka. Tun a wata na uku ko na huɗu ka fara leƙa Bisharar Yahaya ta Latin da ta Hausa a gefe. Addu'o'in da Fada ke karantawa kafin karatun farko ka bar su zuwa ƙarshe, sun fi Bishara wuya nesa ba kusa ba. In ka iso gare su, fara nemo aikataun roƙon, *da* ko *concede* ko *praesta*, sai ka ga sauran jimlar ta rataya a jikinsa.

Uwar Mawaƙa ta amsa:

Ɗana, Malam ya ba ka nahawu, ni bari in taɓa bakin mawaƙanka. "Kelum" furucin 'yan jami'a ne masu karanta Latin na zamanin Kaisar. A Ikilisiya furucin Roma ake bi, kuma a nan mai jin Hausa ya yi sa'a, don c a gaban e, i, ae, oe daidai take da c ɗinmu ta "ciki". *Caeli* celi ne, *ecce* ecce ne kamar yadda ka gan shi a rubuce. Amma sa'ar nan ita ce tarkon: a gaban a, o, u ko baƙi, c tana komawa k. *Cum* kum ne, *peccata* pekkata, *credo* kredo. Ka sa mawaƙa su ja layi da biro a ƙarƙashin kowace c mai karatun k kafin su buɗe baki.

Sauran ba su da yawa. G a gaban e da i j ce, *regina* rejina. Gn ny ce, *Agnus* anyus, *magnam* manyam. Sc a gaban e da i sh ce, *descendit* deshendit, *excelsis* kuma ekshelsis. Ti a gaban wasali tsi ce, *gratias* gratsiyas, sai dai a sassauta ta, kada a matse ta kamar ts ɗinmu ta "tsaya". In s ta gabace ta kuwa tana nan a ti, *hostia*. Ch k ce, h ba a furta ta, ban da *mihi* da *nihil* inda take fita kamar k. R kuma ta "arba'in" ake so, mai kaɗawa, ba ta "rana" ba.

Inda harshenmu ke ba mu kunya wuri huɗu ne. Ba mu da v, sai mu mai da ita b, ga kuma p da f da suke ɗaya a bakinmu. *Vos* ku ne, *bos* sa ne. *Vivit* yana raye, *bibit* yana sha. *Pax* salama, *fax* jiniya mai ci da wuta. Maganin shi ne madubi: v da f haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, p da b leɓɓa a rufe. Na biyu, cusa wasali tsakanin baƙaƙe, Kiristus, guloriya, sanktusu. A magana ba komai, a waƙa kuwa gaɓa ɗaya ta ƙaru kuma babu muryar da aka tanadar mata, shi ya sa rabin mawaƙa ke riga rabi isa ƙarshen layi. Na uku, m ta ƙarshen kalma, wadda mukan shanye ta hanci kamar a "kullum". *Deum* a rufe leɓɓa, don m ɗin nan ita ce alamar karɓau da Malam ya faɗa. Na huɗu, e da o a rufaffiyar gaɓa sukan zame mana zuwa a, sai *non* ta zama "nan", *est* ta zama "ast".

Baƙi mai ninki kuwa ba mai koya mana shi, *tollis*, *Hosanna*, *terra*, mun fi Bature iya su. Nauyin kalma mai gaɓa biyu yana kan ta farko, mai uku zuwa sama kuma littattafan ibada sun sa mata alama, *Dóminus*, *Ecclésia*, bi alamar kawai. Tsarin koyarwa: a karanta layi sau uku ba waƙa, a tafa gaɓoɓinsa, a rera shi a kan murya ɗaya, sannan a ɗora karin. *Eleison* gaɓa huɗu ce, *filii* uku, *tuum* biyu. Kuma aikin nan ba ƙawa ba ce, sashe na 54 na takardar Majalisar Batikan ta Biyu kan ibada, ta 1963, ya nemi a kula jama'a su iya faɗa ko rera sassan Misa da suka shafe su da Latin. Missa de Angelis da Credo na uku sun ishe ku shekara guda.

Tsohon Ɗan Seminari ya amsa:

Da izinin Malam da Mama, ina da ja kaɗan. Na yarda kada a haɗa biyu. Amma Malam Katikis ya duba wanne ne ya fi matsa masa. In mawaƙa ne, abin da Mama ta rubuta da fassarar kalma-kalma ta waƙoƙi biyar ya biya buƙata cikin wata biyu. In kuwa ajin Laraba ne, Latin ba zai amsa tambayar matasan ba, domin Vulgata ita ma fassara ce. Littattafai 27 na Sabon Alkawari da Helenanci aka rubuta su, haka Hikima da Makabiyawa na biyu a cikin littattafai 73 na Littafinmu Mai Tsarki. Fafaroma Pius na 12 da kansa, a wasiƙarsa ta 1943, ya ƙarfafa a koma ga harsunan asali. Abin da Latin zai yi maka shi ne ya sauƙaƙa hanya, don wanda ya saba da sigogin suna ya rage rabin wahalar watannin farko.

Ko yanzu ko baɗi, ga yadda ake shiga. Haruffa 24 ne, mako ɗaya ya isa in kana rubuta su da hannu. Masu ruɗi su ne masu kama da na boko: η ba n ba ce, doguwar e ce, ν ba v ba ce, n ce, ρ r ce, χ ba x ba ce, ω doguwar o ce, s kuma tana da fuska biyu, σ a ciki, ς a ƙarshe. Kada ka raina ɗan waƙafin da ke kan wasalin farko. In ya fuskanci dama, h ce. Shi da alamar nauyi ne suka raba ἐν, cikin, da ἕν, ɗaya, suka kuma raba εἰς, zuwa, da εἷς, mutum ɗaya.

Mako na biyu ka haddace ὁ, ἡ, τό da gurabensa 24 har ka iya karanta su a cikin barci. Ita ce kalmar da ta fi kowace yawa a Sabon Alkawari, kusan sau 20,000, kuma ƙarshenta kusan shi ne ƙarshen sunayen gida na ɗaya da na biyu. Aikinta ya yi kusa da -n da -r ɗinmu na "yaron" da "rigar". A Yahaya 1:1, *kai theos ēn ho logos*, ita ce ta nuna *logos* ne aikau duk da ya zo a ƙarshe. Latin ba shi da wannan kalma sam, *et Deus erat Verbum* ba ya nuna maka komai a nan. Ka ga abin da nake nufi.

Lissafin kalmomi yana da daɗin ji. Sabon Alkawari kalmomi kusan 138,000 ne, daga kalmomi dabam-dabam kimanin 5,400, amma guda 300 da 'yan kai da suka zo sau 50 ko fiye sun cinye kusan kashi 80 cikin ɗari na rubutun. Su za ka fara sawa a kati ko a manhajar tilawa ta Anki.

Aikatau shi ne dutsen. A nan Hausa ta fi Turanci taimako, domin Helenanci ya fi damuwa da yanayin aiki a kan lokacinsa, kamar mu. *Edidaxen* ya koyar, *edidasken* yana koyarwa, *gegraptai* a rubuce yake, wato an rubuta kuma yana nan. In ka fassara wa kanka da Hausa kai tsaye za ka fi kamawa da in ka bi ta Turanci. Wahalar ita ce sassan aikatau shida ne, kuma waɗanda aka fi amfani da su sukan sake saiwa ɗungurungum: *legō* ina faɗa, *eipon* na faɗa, *erchomai* ina zuwa, *ēlthon* na zo, *horaō* ina gani, *eidon* na gani. Sannan shuɗaɗɗen lokaci yana ɗaukar e a goshi, kuma in aikataun yana da ɗafa-goshi sai e ɗin ta shige tsakiya: *ekballō* ya zama *exebalon*, *apostellō* ya zama *apesteila*. Nan ne mai koyo ke shafe rabin awa yana neman kalma a ƙamus alhali ba a nan take ba. Cire e ɗin tukuna, sannan ka nema.

Don darasi, *The Elements of New Testament Greek* na Jeremy Duff babi 20 ne kuma akwai amsoshi a bayansa. In ka fara karatu, littafin Max Zerwick da Mary Grosvenor na Cibiyar Nazarin Littafi Mai Tsarki ta Fafaroma a Roma yana warware kalmomi aya bayan aya. Nassin Helenancin kansa, nemi na Nestle-Aland bugu na 28. Fara da Yahaya ta ɗaya, aya 105 ce kacal kuma kalmominta suna ta maimaituwa, sai Bisharar Yahaya, sai Markus. Luka da Ayyukan Manzanni da Ibraniyawa a ƙarshe. Guji bugun da ke da Turanci a ƙarƙashin kowace kalma, ido ba ya iya hana kansa zamewa ƙasa.

Furuci biyu ne, na makaranta da ake dangantawa da Erasmus, da na Girkawan yau. Na makaranta ya fi taimaka wa rubutu, don a na yau *hēmeis*, mu, da *hymeis*, ku, duk "imis" ne. Na yau kuwa ka riga ka ɗanɗana shi: *eleēson* ne a rubuce, muna rera *eleison*. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Gargaɗi kuma: a shekarar farko kada ka tsaya gaban aji ka ce fassarar Hausa ta yi kuskure don ka duba kalma ɗaya a ƙamus. Ma'anar kalma a cikin jimlarta take, ba a tushenta ba.

Ƙaramin Katikis ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan fara da Latin saboda Ista na tafe. Amma na gwada yau na rikice. Na buɗe Zabura 51 a Vulgata ta waya ina neman *Miserere mei, Deus*, sai na tarar da *Quid gloriaris in malitia*. Na duba Matiyu 6:11 kuma, babu *cotidianum* da muke rerawa, wata doguwar kalma ce a wurin. Manhajar ce ta lalace?

Malam Mai Nahawu ya amsa:

Lafiyarta ƙalau, Malam Katikis. Koma baya da ɗaya, *Miserere* tana 50. Zaburar da ke cikin tsohuwar Vulgata daga Helenanci Waliyyi Jerom ya gyara ta, kuma lissafin Helenanci ya haɗe ta 9 da ta 10 wuri ɗaya. Daga nan lambar Latin tana bayan ta Littafinmu na Hausa da ɗaya, ban da 'yar rikicewa tsakanin 113 da 116, har zuwa 147 inda ya raba ɗaya gida biyu, sai 148 zuwa 150 suka daidaita. Sunayen littattafai ma sai ka kula: a tsohon bugu Sama'ila na ɗaya da na biyu su ne *Regum* na ɗaya da na biyu, Tarihi shi ne *Paralipomenon*, *Ecclesiasticus* kuma Sirak ne, ba Mai-Wa'azi ba, wanda shi ne *Ecclesiastes*.

Doguwar kalmar *supersubstantialem* ce. Kalmar Helenancin, *epiousion*, wuri biyu kaɗai ta zo a Sabon Alkawari. Jerom, wanda ya fara aikin Vulgata a 382 bisa umarnin Fafaroma Damasus, ya fassara ta haka a Matiyu, ya bar *cotidianum* a Luka 11:3. Misa kuwa ta riƙe lafazin da jama'a suka saba da shi tun kafin Jerom. Haka za ka ga *in altissimis* a Luka 2:14 alhali muna rera *in excelsis*. Wannan irin tambaya ce ɗan'uwanmu na Helenanci zai ce ka zo wurinsa, kuma yana da gaskiya.

Vulgata uku ke yawo a waya: ta Fafaroma Klement ta 1592, ta masana da ake bugawa a Stuttgart, da Nova Vulgata ta 1979, wadda ita ce ta hukuma yanzu kuma tana shafin intanet na Batikan kyauta. Don ka san wadda ke hannunka, nemi Zaburar makiyayi. In ka ga *Dominus regit me* a 22, tsohuwar ce. In ka ga *Dominus pascit me* a 23, sabuwar ce. Ta Stuttgart kuwa za ka gane ta da rashin aya da waƙafi, ka bar ta tukuna. Rubutun kalmomi ma yana bambanta, *coelum* da *caelum*, *quotidianum* da *cotidianum*, *Jesus* da *Iesus*, saboda haka in ƙamus ya ce babu kalma a ƙarƙashin j, duba ta a i.